Motar da ke Jin Kunyar Surukina

Ƙyalli ne ya ja mani. Motata 'yar Beljiyam ce, ta ci ƙuruciyarta a ƙasar Turawa ta zo tsufa a hannuna a Ƙanƙara, kuma ba abin da ta rasa sai kyan ƙafa. Rim ɗinta, wato ƙarafunan da taya ke zama a kansu, baƙaƙe ne wuluk kamar gindin tukunyar gidan biki. Ranar da na ga wasu farare a Funtuwa, masu walƙiyar da mutum zai gyara zaman hularsa a jikinsu, ban yi shawara da kowa ba. Aka haɗa mani su da sababbin tayoyi, aka ɗaura. Tsofaffin huɗu, da tayoyinsu a jiki, na cusa su a but da kujerar baya, na wuce wajen surukina a ƙauyensu da ke gefen Sheme, don na sha jin yana cewa tayoyin amalanken shanunsa sun koma faci zalla. Ya sa mani albarka har sai da wuyana ya yi nauyi. Biyu mai walda ya daidaita su da amalanke, biyu aka jingine a zaure.

A hanyar komawa gida ne wata 'yar wuta ruwan ɗorawa ta fara ƙifce mani ido a gaban sitiyari. Ta yi ta ƙiftawa, sannan ta tsaya ƙyam. Maiɗakina da ke zaune gefena, wadda idonta ke ganin allura a cikin rumbu, ita ta fara magana.

"Alhaji, mi ye wanga?"

Na duba da kyau. Zanen tukunya ne mai faɗin ciki, da muciya tsaye a tsakiyarta.

"Tuwo ne. Motar Turawa ce, tana tuna maki lokacin ɗora sanwa ya yi."

Ba ta yi dariya ba. Hanyoyinmu ba inda mutum ke son mota ta tsaya mashi a tsakiyar daji ba ne, kowa ya san wannan, ita kuwa ta fi kowa sani.

Mai facin bakin tasha ya ce ba tukunya ba ce, taya ce aka yanka ta tsakiya, kuma wutar na nufin iska ta ragu. Ya auna, ya ce iska lafiya lau, amma don a fita haƙƙi ya ƙara. Wuta na nan. Da na je ta'aziyya Sabuwa, mai facin can ya harbi taya da ƙafa, ya ce wanda ya sa mani iskar nan maƙiyina ne, ya rage. Wuta na nan. Wani bakanike ya cire kan batir, ya ce motar za ta manta. Ta manta tashoshin rediyo, ta manta agogo, amma ba ta manta tukunya ba. Daga ƙarshe na liƙe wurin da baƙin salatif, maiɗakin ta ɓamɓare, ta ce rufe ido ba ya hana a gan ka.

Ana nan muka koma gaida Baba, surukin nawa. Muka ci, muka sha fura, muka yi sallama. Na murɗa makulli, na duba, babu wuta. Na kashe na sake tayarwa, babu. Baba na tsaye a ƙofar zaure da sandarsa, sai bakina, wanda tun ina yaro ba ya jiran izinina, ya ce:

"Baba, kun ga ikon Allah. Har mota ta san gidan surukai, ta sunkuyar da kai."

Aka yi dariya. Ba mu wuce Sheme da nisa ba ta dawo da ƙifcenta.

Na ɗauka dace ne, sai abin ya maimaita kansa. Duk sanda na yi fakin a ƙofar gidan nan, wuta ta mutu. Abin da ya gama ruɗa ni shi ne ranar da na tarar Baba ya bi amalanke gona, ana kwaso masara. Na kashe mota na tayar, wuta na nan daram. Na zauna jira. Can ga shanu sun ɓullo, Baba na zaune bisa buhuna. Yana sauka na murɗa makulli, wuta ta ɗauke. Ni na ƙirƙiri maganar don raha, ga shi ina neman yin imani da ita.

Baba kuwa ya riga ni. Dattijo ne mai kawaici, ba ya yabon kansa, amma daga ranar, in na zo sai ya aika a kira mashi abokan zamansa na gindin darbejiya. "Alhaji, tada ta su gani." In tayar, tsofaffi su leƙa ta taga, su yi salati. Shi kuma ya sunkuya yana wasa da sanda, yana cewa, "Ni ba kowa ba ne, tarbiyyar mai ita ce." Labari ya zagaye ƙauye. Ƙanen maiɗakina ya rantse mani wani ya turo babur tun daga Faskari don a ajiye shi a ƙofar gidan ko fitilarsa ta gyaru, amma shi ma gwanin ƙari ne, ban tsaya mashi ba.

Maiɗakin dai ba ta yarda a bar wuta a hannun albarka ba, tunda albarkar ba ta raka mu hanya. Ta tura ni wajen wani rewaya a bayan kasuwar Ƙanƙara, mai gyaran wutar mota, wanda ya sayo wata na'ura mai kama da babbar wayar hannu. Rabin maganarta Turanci, rabi rubutun Sin, shi kuma ba ya jin ko ɗaya sosai; a bidiyon waya ya koye ta, yana dannawa yana addu'a. Ya kara ta a bawul ɗin kowace taya, inda ake hura iska. Shiru.

"Alhaji, tayoyinka kurame ne. Ina tsohon rim?"

"Injiniya, mi ya haɗa tsohon rim da tukunya?"

Ya ce a gindin bawul ɗin tsofaffin akwai wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino, ana ce mashi sansa. Shi ke jin ƙarfin iska ya gaya wa mota, ba waya ba komai. Kowane da sunansa, kuma motar sunaye huɗun nan kaɗai ta sani. In ta kira ba a amsa ba, sai ta kunna wuta. In ta matso kusa da su, duk huɗun suka amsa, sai ta yi shiru.

Na zauna a kan wani mataccen batir. Biyu a zaure, biyu a amalanke. Ba Baba motata ke jin kunya ba, tayoyin shanunsa take gaisarwa.

"To a sa sababbi mana," na ce.

Ya ce yana da su, amma jarirai ne, ba a raɗa masu suna ba. Koya wa mota sababbin sunaye sai da wata igiya da ya ji an ce akwai a Kano. Abin da na'urarsa ta iya shi ne ta ji sunan tsofaffin ta raɗa wa sababbin.

"Takwara kenan?"

"Takwara, Alhaji. Ko dai ka ciro mani tsofaffin, ko ka kai ni inda suke."

Cirowa ba ta taso ba. Mutum ya yi wa surukinsa kyauta, an sa mashi albarka, ya dawo da sifana? Gara in koma tafiya a ƙasa. Kai shi ɗin ma ba sauƙi, don da wane baki zan gaya wa dattijon da ya tara abokansa cewa ba shi ba ne? Na yi ta juya maganar har tuwo ya daina yi mani daɗi, abin da bai taɓa faruwa ba ko ranar da aka cire mani haƙori. Maiɗakin ta ce ubanta ne, amma bakina ne ya haƙa ramin, ba ruwanta.

Na zaɓi hantsin ranar kasuwa, da zaton Baba ya fita. Muka tarar da shi a gindin darbejiya, shi da abokansa kaf, kamar an yi shela. Na durƙusa na gaishe su, na ce wannan injiniya ne, ya zo duba lafiyar tayoyin amalanke. Rewaya ya tsuguna tsakanin kashin shanu da turke, ya kara na'ura a bawul. Ta yi ƙara, ɗit. Wani bajimi ya juyo ya dube shi.

"Alhaji," in ji Baba, "mi yake saurare a tayata?"

Na buɗe baki in yi ƙarya, ƙaryar ta ƙi zuwa. Na fara da cewa ai Baba kun san Turawa, na bi ta ƙwallon dabino, na ɓata a wajen suna, na koma kan tukunya. Rewaya ya ga ina nutsewa ya miƙo hannu, ya ƙara dulmiyar da ni.

"Baba, ai motar ba ta san mutum ba. Waɗanga tayoyin take ji."

Wani tsoho mai jan gemu ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Na dubi ƙasa ina neman inda za ta tsage. Baba ya daɗe yana kallon amalanken.

"Tayoyin na wa ne?"

"Naku ne, Baba."

"A gidan wa suke kwana?"

"Gidanku."

"To. Wanda ya ga takalmin surukinsa a ƙofar zaure ya rage murya, takalmi yake jin kunya?" Ya juya ga mai jan gemu. "Kai, Malam, ko takalminka ma akuya ke taunawa."

Tsofaffi suka kwashe da dariya, har da mai tarin. Ni dai ban gane ko an fasa maganar ba ne ko an ƙara mata gishiri. Da rewaya ya bayyana zancen takwara, Baba ya ce madalla, amma shi bai taɓa jin an yi suna huɗu rana ɗaya ba rago ba. Tsire na saya masu a bakin hanya, aka ce an yafe sauran.

Aka raɗa sunaye, mai faci ya kwance sababbin tayoyi ya dasa jariran, wuta ta mutu. Maiɗakina ta shiga mota har da yin barci. Na je Sabuwa na dawo, na je Faskari na dawo, tukunya ba ta leƙo ba.

Sai da na koma gaida Baba. Ina tsayawa a ƙofar zaure, wuta ta kama. Na kira rewaya, ya ce bari ya duba bidiyo. Can ya bugo ya ce yanzu kowane suna mutum biyu ke amsa shi, kuma tayar amalanke ta hagu tana sace iska, in motar ta ji ta sai ta ɗauka tata ce. Magani, a ciro tsofaffin a jefar.

Baba ya leƙo ta taga, ya ga wutar, ya gyaɗa kai.

"A da baƙuwa ce, kunya take ji. Yanzu ta zama 'yar gida, ta iya gaisuwa."

Na ce haka ne, Baba. Na ari famfon keke a maƙwabta, na tuɓe babbar riga, na tsuguna gefen amalanke ina bugawa. Baba ya ce in bi a hankali, kada ta daina gaishe shi gaba ɗaya.