Kan Keken Ɗinki a Bayan Boksi

Cikin duk abin da yaƙin nan ya yi mana, akwai rana ɗaya da ko tsufa ya rikita ni ba za ta fita daga raina ba. Ita ce ranar da muka bar unguwarmu, Dar Salam.

Lokacin ruwa ya yanke, kasuwa ta mutu, kullum sai ka ji an faɗa gidan wani. Ƙanen mahaifina da ke unguwar Alsawra ya aiko cewa mu taho, can da ɗan sauƙi. Wani maƙwabcinmu mai boksi, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya yarda ya kwashe mu tare da iyalinsa. Ni ɗinki ne sana'ata, da shi nake riƙe 'ya'yana da mahaifina tun rasuwar mijina. Sai na kwance kan keken daga teburinsa, na naɗe shi a tsohon zane. Baƙin ƙarfe ne, amma ni kaɗai na rungumo shi na ajiye a can ƙarshen motar. Igiyar da ta rage kuwa an ɗaure jarkokin ruwa da ita.

An yi wa Baba tayin zama kusa da direba, ya ƙi, ya ce a bar wa matar direban mai tsohon ciki. Ya hau baya, ya jingina da ƙarfen da ya raba mu da mazaunin direba, carbinsa a hannu.

A lungunan unguwa a hankali muke tafiya. Duk ramin da muka faɗa keken kan ɗan zame, in sa ƙafa in tare shi ba wata wahala. Har Baba ya yi min wasa: "'Yata, wannan ɗan naki ya fi sauran rigima."

Muna hawa kwalta harbi ya ɓarke a bayanmu. Har yau ban san su waye ba, ban san ko mu ake nufi ba. Mata suka sa ihu, wani yana dukan rufin motar yana cewa, "Taka, ya zol! Taka!" wato bawan Allah, ƙara gudu. Direba ya taka. Iska ta fizge min mayafi, gidaje suka koma kamar zane ɗaya. Ban taɓa sanin tsohuwar motar nan tana da irin wannan gudun ba.

Ashe a gaba an tare hanya da tulin ƙasa. Ya danne birki, tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja ta ja, ta daki ƙasar ta tsaya cak. Mu da ke ciki ba mu tsaya ba. Gaba ɗaya muka kifa gaba, na ga keken nan a cikin zanensa ya wuce ta gefena kamar an harbo shi. Sai wani sauti, tim.

Da na ɗago, keken yana kan cinyar Baba, shi kuma bakinsa a buɗe yana neman iska. A ƙirji ya same shi. Harsashi bai taɓa kowa ba a cikinmu. Na riƙe kansa ina kiran "Baba! Baba!" Ya motsa leɓe, na kai kunne, sai na ji yana tambaya: "Yaran lafiya?" Na ce lafiya. Kafin mu kai wani asibitin da ke aiki, rai ya yi halinsa.

A Alsawra aka binne shi. Direban ya zo gaisuwa, ya tsuguna daga bakin ƙofa, ya kasa haɗa ido da ni. Na ce masa abin da na kasa ganewa: ƙarfen da nake ɗauka da hannuna, nake tarewa da ƙafa, ya za a yi ya karya ƙirjin mutum?

Ya ce, "Yaya, ba nauyinsa ba ne kaɗai, gudun ne. Tun ina koyon tuƙi aka faɗa min, gudu in ya ninka biyu, ƙarfin bugu huɗu yake ninkawa. Birki kuma motar kawai yake kamawa. Abin da ke cikinta tafiya yake yi sai ya sami abin da zai tare shi."

Wannan ranar, ƙirjin mahaifina ne ya tare shi.

Ban riƙe direban a zuciya ba, ceton mu ya so yi. Amma na koyi cewa tsoro gudu kawai yake nema, ba ya tunanin tsayawa, alhali duk gudun da aka ɗauka sai wani abu ya shanye shi. Shi ya sa yanzu in na shiga mota direba ya fara wuta, nakan ɗaga murya in ce ya sassauta. Wasu su yi dariya, wasu su yi tsaki. Ba na yin shiru sai ya ɗaga ƙafa.