Gaisuwar Auta

Duk layin, Yaya ake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Sunan ya bi ta ne tun tana 'yar shekara goma sha tara, lokacin da mahaifiyarsu ta rasu ta bar mata ƙanne huɗu da keken ɗinki mai ƙafa. Da keken nan ta ciyar da su, ta aurar da su, ta yi nata auren a makare, mijin ma bai jima ba ya bar ta da takaba. Mace ce mai faɗa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. In ta auna ka ta ce ka ƙara ƙiba, to ka ƙara, ko da sikeli zai rantse. Amma ɗinkinta ba ya warwarewa, maganarta ma haka.

Cikin ƙannen, Auta ne ɗan lelenta. A bayanta ya yi wayo, tana taka keke yana barci. Ya girma ya zama kafinta mai hannu, irin wanda zai haɗa ƙofa ta shekara ashirin ba ta yi kuka ba. Sai dai sunkuyon aiki ya cinye masa baya, ya koma haɗiyar ƙwayar ciwon jiki kamar alewa, safe da yamma, har da ciki babu komai. Shekara bakwai da suka wuce ƙwayar ta huda masa ciki, ya yi aman jini, da ƙyar aka ceto shi. Likita ya ce shi da ƙwayar nan sun rabu har abada. A kan gadon asibiti Auta ya riƙe hannun Yaya ya yi mata alkawari yana hawaye.

Yaya ta karɓi alkawarin, amma ba ta miƙe ƙafa ba. Ta je ta ja kunnen mai kemis ɗin layinsu. Ta mayar da matar Auta 'yar rahoto. Takan faɗa shagonsa ba sallama, ta zazzage akwatin kayan aiki, ta laluba aljihun rigarsa a gaban masu sayen kaya, shi kuwa ya ɗaga hannu yana dariya.

"Yaya, da aikin kwastan kika nema, da tuni kin yi gidan sama."

Ba ta taɓa samun ko ɓawon ƙwaya ba.

Shi ma ya nuna godiyarsa irin ta kafinta. Ya haɗa mata teburin yanka mai faɗi, da aljihu uku na almakashi da zare da alli. Tun daga ranar da ya kawo shi ya ɗauki wata ɗabi'a: ba ya buɗe shago sai ya biyo ya gaishe ta. Ƙarfe bakwai daidai, ko ana ruwa ko ana iska. Ya zauna a kujerar gefen tebur, ya tambayi kwananta da gwiwarta, sannan ya ce, "Yaya, ɗan ruwa." Ta tashi ta nufi kicin, ta ɗauraye kofinsa na musamman, ta ciko ta kawo. Ya shanye ya tafi.

Wannan gaisuwa ita ce dukiyar Yaya. Ba ta haifi ɗa ba, ba ta tara abin duniya ba, amma babu matar da ta kawo ɗinki ta tafi ba ta ji labarin ba. "Naku ƙannen sai a waya. Nawa kuwa agogo ne." Sauran ukun sun watse garuruwa, ba ta ma cika ambatonsu ba.

Wata Talata da hantsi, mai walda na kusa da shagon Auta ya kira ta. Ya ce Auta ya yanke jiki ya faɗi, jini na fita ta baki, sun wuce asibiti.

Ta tarar da shi a ɗakin gaggawa, leɓensa fari fat, an riga an sa masa ruwa a hannu. Matarsa na rakuɓe jikin bango. Likitar yarinya ce, ba za ta wuce sa'ar 'yar da Yaya ba ta haifa ba, amma bakinta ba ya rawa. Ta ce za a zura masa siririyar na'ura mai kyamara ta baki, a nemo inda jinin yake fita a toshe. Kafin nan sai an ba shi magani biyu ta jijiya. Na farko, wanda ke ɗiga yanzu, yana rage tsamin ciki don bakin ciwon ya samu ya kama. Na biyu yana kora jinin da ya taru ya gangara ƙasa, don kyamarar ta ga hanya.

"Amma na biyun ba ya shiri da wasu magunguna," in ji ta. "Sai na san duk abin da yake sha. Mama, ke ce babba?"

"Ni ce uwarsa, ni ce ubansa," in ji Yaya. "Ba ya shan komai. Shekara bakwai, ni ce shaida."

"Yau me ya shiga cikinsa?"

"Ruwa kofi ɗaya, ƙarfe bakwai, daga hannuna."

Likitar ta rubuta. Sai ta dubi marar lafiyar, ta ɗan daɗe tana dubansa, sannan ta sunkuyo.

"Malam, ba hukunci zan yi maka ba. Amma in akwai abin da ka haɗiya ban sani ba, allurar nan tana iya taɓa maka zuciya. Akwai?"

Yaya ta buɗe baki za ta wanke yarinyar nan tas. Auta ya riga ta.

"Akwai."

"Ta ciwon jiki?"

"Ita. Da wata kuma da aka ce tana kare ciki. Ban san sunanta ba."

"Ina kwalin? Sai na gan shi da idona."

Auta ya juya fuska bango. Muryarsa ta fito ƙasa ƙasa.

"Yana ɗakin Yaya. Teburin yanka, aljihu na uku. In an zaro shi gaba ɗaya, a danna katakon baya."

Yaya ta dubi matarsa. Matar ta sunkuyar da kai, irin sunkuyon wanda labarin bai zo masa sabo ba.

"Mama, a yi sauri," in ji likitar. "Lokaci muke bi."

Makullin ɗakin a hannunta yake, don haka ita ce ta tafi. Ba ta tuna yadda ta isa ba. Ta durƙusa da gwiwar nan mai ciwo, ta zaro aljihun alli, ta danna. Katakon ya buɗe ba ko ƙara, aikin gwani, babu abin kushewa. Ga kwalaye nan a jere tsaf, wasu cike, wasu an ci rabi.

Ana zaton wuta a maƙera, ashe a masaƙa take. Ta bincike shagonsa, ta bincike gidansa, ta kunyata shi gaban mutane, ashe shi ya riga ya auna ta kamar yadda yake auna katako, ya gano wuri ɗaya da ba za ta taɓa dubawa ba. Daga kujerarsa zuwa aljihun nan, miƙa hannu ne kawai. Daga ɗakin zuwa kicin da ɗauraye kofi, minti biyu. Ruwan da yake kora ƙwayar da shi ma ita take kawowa, tana murmushi. Da a ce ƙarya kawai ya yi mata, da sauƙi. Gaisuwar ce ta fi yi mata ciwo.

Ta kwashe su duka a leda ta koma asibiti. Likitar ta duba ɗaya bayan ɗaya, ta ware guda, ta sa aka gwada bugun zuciyarsa, sannan ta ce a yi allurar. Bayan kamar rabin awa aka tura shi ciki. Yaya ta zauna a benci, matar Auta ta matso.

"Yaya, wallahi na so in faɗa miki. Cewa ya yi in kika ji, hawan jininki zai tashi."

"Allah Ya saka da alheri," in ji Yaya. "Kun kula da ni sosai."

An samu wurin, an toshe. Ya yi kwana biyar, kullum Yaya na kawo abincin da likita ta yarda da shi, ta ajiye, ta tambayi nas yadda ya kwana. Shi dai ba ta tambaye shi ba.

Bayan mako uku da sallamarsa, ƙarfe bakwai daidai, ya yi sallama. Ya rame, rigar da ta ɗinka masa bara ta yi masa yawa a kafaɗa. Ya zauna a kujerarsa. Teburin na nan, sai dai aljihu na uku babu shi, ramin kawai ke kallonsa. Ya tambayi kwananta, ta ce lafiya. Ya tambayi gwiwa, ta ce da sauƙi. Daga nan magana ta ƙare musu, don shekara bakwai ba su taɓa wuce nan ba tana zaune.

Ya murza yatsunsa. Ya gyara murya. Ko ƙishi ne na gaske, ko bakin ne ya saba, Allah masani.

"Yaya, ɗan ruwa."

Ta sa zare a allura, ta daidaita yadin a ƙarƙashin keke, ba ta ɗago ba.

"Ka san hanyar kicin," in ji ta. "Je ka. Ni zan tsare maka teburin."