Shukar da 'Yata Ta Bar Mini

A shekarar da ruwa ya rushe katangar gidanmu, 'yata ta sayo wata shuka mai kaurin ganye a kanti a unguwar Oforikrom, duk ta yi yaushi. Ta ce, "Mma, riƙe mini ita sai na dawo daga Libiya."

Ni ban taɓa barin baƙo da ƙishirwa ba, sai na riƙa ba ta ruwa safe da yamma. Ganyayen suka ruɓe, suna zubewa ɗaya-ɗaya. A makon ne kuma wayar yarinyar ta daina shiga.

Na tumɓuke shukar, na yanke ruɓaɓɓiyar saiwar, na shanya ta kwana uku, na dasa cikin yashi. Ta yi toho, amma wayar har yau shiru. Cikin matan da muka raka yarinyar tasha, ni da wata mai sayar da koko kaɗai muka rage.