Ranar Da Yatsan Ya Daina Zafi

Assalamu alaikum Edita. Ni manomin albasa ne a wani ƙauye kusa da Goronyo, karatuna bai wuce firamare da na allo ba. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni mutum ne mai tsari da kafiya. Komai a gidana da lokacinsa, kuma idan na yanke magana ba a sake tayar da ita. Ina jin daɗi idan aka ce gidan wane ba a wasa. Mai ɗakina kuwa mai kitso ce. Shekara ashirin da uku muna tare, kuma tun daga Giyawa har Rabah ana kawo mata amare, saboda hannunta ba ya ja, kitsonta kuma yana daɗewa.

Abin ya fara ne ranar wata Talata da rani, muna tsakiyar cirar albasa. Kibiyar kitso ta soke ta a kan babban yatsanta na dama. Ta tsotse wurin ta ci gaba da aiki. A rana ta uku yatsan ya kumbura, yana zogi, ba ta iya riƙe ko ludayi. Gwaggona, wadda ita ta rene ni, ta zo ta duba ta ce ai wannan karkare ne, ciwon nan mai tara mugunya a kan yatsa. Ta ja ni gefe ta tuna mini abin da na sani tun ina yaro, wato karkare ba ya son allura. Ta ce ƙanen mijinta allura ɗaya aka yi masa a kan karkare, bai kwana biyu ba aka kai shi makwancinsa.

A rana ta biyar zogin ya hana ta cin abinci, sai na ɗauke ta a babur zuwa ƙaramin asibitin yankinmu, da niyyar a ba mu ƙwayoyi kawai. Malamar asibitin Kirista ce daga kudancin Kaduna, ta daɗe a cikinmu har tana cewa mi da awo kamar mu, maimakon me da eh. Ta duba yatsan, ta tambayi mai ɗakina ko tana yawan jin ƙishirwa da fitsari, mai ɗakina ta ce awo. Malamar ta ɗiga jininta a wata 'yar na'urar gwaji, sannan ta ce sukarinta ya hau sosai. Ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce sai an tsaga wurin an fitar da mugunyar, a yi allura, a fara maganin sukari, in ba haka ba ciwon zai gangara cikin tafin hannu. Da na ji kalmar allura sai na miƙe. Ta ce Baba, zauna mana, mi allura ta yi maka, ko kai za a yi wa? Matan da ke kan benci suka yi dariya, ni kuwa dariyar nan ta ƙara mini taurin kai. Na ce mata ban zo ɗaukar darasi ba. A bakin ƙofa mai ɗakina ta riƙe gefen rigata da hannun hagu, ta ce a hankali, Malam, ni dai ina so a yi. Na ce ta hau babur.

Da muka koma gida na tsara mata magani yadda nake tsara ban ruwa a fadama. Da safe ta tsoma yatsan a ruwan ɗumi da kanwa. Da azahar a huda lemun tsami ta cusa yatsan ciki. Bayan la'asar a shafa wani baƙin haɗi da na je har Wurno na karɓo wurin wani wanzami, a ɗaure da tsumma. Ban taɓa bari lokaci ɗaya ya wuce ba, ko ina gona sai na dawo na tsaya a kanta. Yanzu idan na tuna wannan himmar tawa, ita ta fi komai ci mini rai.

A rana ta tara da safe ta ce mini yatsan ya daina zafi. Na yi hamdala. Na fita majalisa na ba da labari, har na ce da na biye wa 'yan boko da yanzu wani zancen ake yi. Ban lura ba cewa kan yatsan ya yi baƙi, domin baƙin haɗin ya rufe shi. Ban kuma kula da kumburin da ya haye bayan hannu ba, na ce ciwo ne ke neman hanyar fita.

A rana ta goma sha ɗaya yayanta ya zo daga Maikujera. Tun daga ƙofar ɗaki ya ji wari. Ya kwance tsumman da kansa, ya dubi hannun, ya dube ni, ya tambaye ni ko albasa ce da zan bari ta ruɓe a rumbu ina ƙirga kwanaki. Bai nemi izinina ba, ya samo mota muka tafi Sakkwato, jikinta zafi rau.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙashi, aka sake awon jini. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya nuna mini hoton ya ce ciwon ya cinye ƙashin babban yatsa, ya kama manuni. Na ce masa ai ya daina zafi tun shekaranjiya. Ya ce ranar da ya daina zafin, ranar yatsan ya mutu. Na kawo masa zancen ƙanen mijin gwaggo. Ya tambaye ni kwana nawa mutumin ya yi a gida kafin a kai shi. Na tuna, ya fi sati uku. Ya ce to haka abin yake, a ajiye mutum har ciwo ya shiga jini, a kawo shi a ƙarshe, idan ya cika sai a ce allura ce. Ya ce da an tsaga a rana ta biyar, da ɗan tabo kawai zai rage. Allurar da na gudu, sai da aka yi mata ita safe da yamma har sati biyu. Aka cire babban yatsa da manuni, aka ceci sauran hannun.

Ba ta taɓa zagina ba, ba ta kai ƙarata wurin kowa ba. Tana shan maganin sukarinta, ta koyi cin tuwo da cokali. Bara muka aurar da ɗiyarmu ta fari. Wata mata aka ɗauko daga Rabah ta yi kitson amarya. Na shigo ɗaukar tabarmi na tarar da mai ɗakina zaune gefe, hannunta cikin zane, tana cewa a ɗan sassauta nan, a karkata tsagar can. Matar da ta yi wa 'ya'yan mutane kitson aure shekara da shekaru, ba ta taɓa kan tata ɗiyar ba. Bayan an watse ta yi mini tambaya ɗaya. Ta ce ranar nan a bakin asibiti da ta ce tana so a yi, na ji ta kuwa? Na ce na ji. Ta ce to, dama so take ta sani.

Ina roƙon masu karatu abu uku, kuma a bi su a jere. Yatsa in ya kumbura yana zogi, a je asibiti tun kwana biyu, a yarda a auna sukari. Idan ciwon hannu ya daina zafi alhali kumburi bai sauka ba, kada a yi murna, a gaggauta. Na ƙarshe kuwa ga magidanta irina ne. Mai ciwo in ya faɗi abin da yake so a yi wa jikinsa, a saurare shi. Hannun nata ne, ni na yanke hukunci a kansa, kuma kullum ta miƙo mini ruwan alwala da yatsu uku sai na gani.