Taɓaryar Inna Kande da Motar Alhaji Buba

Ku matso, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe, in kun yi shiru za ta zauna.

Ina yarinya a unguwar Briqueterie, mun fi son yinin da aka yi ruwa da la'asar. Jar ƙasa ta jiƙe, kwanon rufi na ɗiga a hankali, hazo ya sauko daga tuddai ya gauraya da hayaƙin masu tsire. Da an idar da magariba sai mu kewaye murhun kakarmu, Inna Kande. Mace ce mai tsadar dariya. Takan ba mu na gizo da na kura, amma akwai guda da ba ta fitowa sai garwashi ya yi ja ya kwanta. Ita wannan ba tatsuniya ba ce, labarin mijinta ne, kakanmu Malam Sale makaniki, wanda ya rasu ina goye. Ba ta kama sunansa. Malam kawai take cewa.

Garaj ɗinsa a bayan katangar gidanmu yake, a gindin hawan da ya nufi Tsinga. An san shi da kunne. Mota za ta shigo, bai buɗe kapo, murfin inji, ba, ya faɗi ciwonta. To, tsufa ya zo ya taɓa kunnen nan, Malam ya ɓoye abin. Makanikin da ba ya jin inji, wa zai sake kawo masa mota?

Ana nan sai Alhaji Buba, dillalin shanu, ya zo da wata mota ta Amurka da ya saya hannun wani Bature mai komawa gida. Inna ta ce ta leƙa ta sau ɗaya ta kafar ƙyaure: dogon hanci, ƙofa biyu, launin sararin sama bayan ruwa, fistan takwas a cikinta. "Amma tafiyarta," in ji Inna, "ta tsohuwar saniya ce. Ga tari, ga zafin jiki."

Alhaji ya riga ya kai ta wurin samari masu fitila mai ƙiftawa, wadda ake haska alamar da ke jikin faifan gaban inji a saita wuta da ita. Sun saita daidai da alama, mota ta ƙi. Malam ya duba ya gane robar faifan ta saki, alamar ta zame daga mazauninta. Ido ba zai yi aikin ba, sai kunne.

"Shi ya sa na zo wurinka," in ji Alhaji, a gaban mahauta da teloli da suka taru kallo. "Yaran nan sai Faransanci. Gobe da hantsi nake so in ji ta tana waƙa."

Malam ya ga bakin Alhaji na motsi, ya tsinci rabi, ya ce, "Allah ya kai mu."

Da yamma ya zauna gaban tuwo bai taɓa ba. Can ya ce, "Akwai maganar da ban gaya miki ba."

"Ta kunne?" in ji Inna. "Damina biyu ke nan da na sani. Ladan na kira, ba ka tashi sai ka ga na ɗauki buta."

A nan takan tsaya ta gyara itace, mu kuma mu ƙi numfashi.

Ta ce masa ya koya mata abin da ake saurare. Ya ce wuta ce ake so ta iso wa fistan gab da ya kai ƙololuwa. In ta yi gaggawa, inji ya riƙa ƙara a kan hawa kamar tsakuwa a gwangwani. In ta makara, ya yi sanyin jiki ya ɗau zafi. Akwai wani kai mai raba wutar, delko suke ce masa, ana sassauta ƙusarsa a juya shi kaɗan kaɗan.

Inna ta ce, "Ashe lugude ne. Mata takwas, turmi ɗaya. Wadda ta riga, ta fasa taɓaryar 'yar'uwarta. Wadda ta makara, ta kashe kiɗan. Shekara talatin ina jin injunanka ta bayan katangar nan, Malam. Na san kukansu in ka gama da su."

Da hantsi ta jawo turmi jikin katanga, ta cusa tsumma a ciki don kada daka ya toshe mata ji. Katangar gajera ce, kan taɓarya na leƙowa. Sun yi shawara: muddin taɓarya na hawa da sauka, ya ci gaba da juyawa. In ta tsaya, ya tsaya. In ya ga an cilla ta sama, ya koma baya.

Aka tayar da mota. Malam ya dafa delko, ya karkata kai kamar mai saurare, idonsa na kan katanga. Inna ta rufe nata idon. Ta ce da fari ta ji matan nan takwas suna daka kamar an tashe su daga barci. Sannu a hankali hannuwansu suka haɗu, kiɗan ya miƙe, har ta ji kamar tana tsakar gidan uwarta a Garwa ranar dakan biki. Ta tsai da taɓarya.

Alhaji ya shiga ya taka ta kan hawan. Tana tsakiyar tudu, Inna ta jiyo tsakuwar nan, siririya, can ƙasan rurin. Ta cilla taɓarya sama ta cafe.

Alhaji ya dawo yana washe baki. "Ta yi, Malam!"

"Ba ta yi ba," in ji Malam. "Tana ƙara a hawa. Wutar ta yi gaggawa."

Ya mai da delko baya kamar kaurin zare, ya ɗaure. A hawa na biyu motar ta haye kamar ba ta taɓa ƙasa. Wani tela ya ce, "Kai! Wannan tsoho, ko tururuwa ta yi tuntuɓe sai ya ji."

Nan Inna kan tura toka a kan garwashi ta ce, "Ƙurunƙus kan ɓera, ku tashi ga lisha."

Muna yara, motar muke mafarki. Sai da na yi aure na tsufa a ɗakina na gane abin da Inna ke ba mu. Damina biyu ta san sirrin mutum, ba ta riga shi faɗa ba, ranar da ya faɗa kuma ba ta bar shi shi kaɗai ba.

Malam ya ƙara shekaru yana aiki, ya ajiye da kansa, ba wanda ya ajiye shi. Alhaji Buba ya koma Ngaundere da motarsa, an ce a can ta mutu, kaji na ƙwai a cikinta. Inna ta rasu da jinta garau, ba ta taɓa shiga mota mai ƙofa biyu ba.

Ni kuwa ga ni, nawa kunnen ya fara nauyi. Ban gaya wa kowa ba. Amma in baƙi sun zo suna magana, matar ɗana Hadiza takan matso kusa da ni ta ɗaga murya kamar mai mamaki: "Au, ashe jibi ne sunan?" Sai in gyara zama in ce, "Ai na ji. Allah ya raya."