Lambar sirri a wayar marigayi

Sallar asuba ma a tasha muka yi ta, sannan motarmu ta bar Gadarif, inda muke zaman hijira tun da yaƙi ya kore mu daga Khartoum. Ba yawo ya fito da ni ba. Ina digiri na biyu ne kan tsarin sarrafa bayanan kasuwanci, kuma jami'a ta ce wanda bai miƙa bincikensa a zangon nan ba, sai ya koma farko. Ni da abokina muka yi binciken, a kan masu sayar da yadi a Kasuwar Libiya da ke Omdurman. Aikin yana nan lafiya lau a intanet, amma da na zo buɗewa sai a ce an tura lambar sirri zuwa wayarsa. Shi kuwa harsashi ya same shi a layin burodi, Allah ya jiƙansa. Dole in je gidansu neman wayar.

Shingayen bincike sun hana mu sakat, katin shaidata har ya gaji da fitowa daga aljihu. A Madani muka ci ful, wato dafaffen wake, da wani burodi da ya rame kamar mu. Daga Soba kuwa, a bakin Khartoum, hira ta ɗauke a motar. Gidaje ba ƙofa ba taga, ciyawa ta cinye bakin titi. Na hango ginin sashenmu na jami'a baƙi ƙirin, na kau da kai.

Muka tsallaka kogi zuwa Omdurman, na hau raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta gefen Kasuwar Libiya, inda rabin rumfunan da muka yi wa zarya suka zama toka. A unguwar Dar Salam na sami mahaifiyarsa, Hajja, a gidansu na ƙasa. Bayan ta'aziyya, cikin jin nauyi na faɗi abin da ya kawo ni. Ta kwance wani ƙyalle, sai ga wayar. Ashe tana kai ta caji, tana sa a saka mata kati don kada layin ya mutu.

Na danna neman lambar a wayata, tasa ta yi ƙara. Hajja ta zabura.

"Wa ke nemansa?"

"Ni ne, Hajja."

Ta ce tun da aka binne shi wayar ba ta ƙara kuka ba. Wallahi na riga ta zubar da hawaye.

Aikin ya buɗe. Abin da aka koya mana shi ne nan take in mayar da lambar kan layina. Na kai yatsa, na ga ta rungume wayar a ƙirji, sai na fasa.

Na dawo Gadarif lafiya. Yanzu duk sanda zan shiga aikin, wayar kan yi kuka a Dar Salam, Hajja ta kai wa maƙwabciya ta karanto mini lambar, amma sai ni da Hajja mun ɗan taɓa hirarsa tukuna. Malaminmu zai ce wannan tsarin banza ne, kuma da gaskiyarsa. Ni dai tafiyar ta koya mini cewa ba kowace tangarɗa ake gyarawa ba. Jiya ma na nemi lambar, alhali ba abin da zan rubuta.