Farin Ƙyalle a Bakin Fadama

Har yau in na ji ana kaɗa gwangwani a gona don korar tsuntsu, kakanmu nake tunawa.

Ya je yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, yana saurayi, amma ba ya son zancen. Ni kaɗai nake samun gutsure, wataƙila don ba na katse shi. Ya ce jiragen yaƙin lokacin ƙanana ne, farfela ɗaya a hanci, mutum ɗaya a ciki. In sun yi ƙasa, har kan matuƙin kana gani. Sojan ƙasa sukan shimfiɗa farin ƙyalle don matuƙan ɓangarensu su gane su. Wata rana wani matuƙin nasu ya ga ƙyallen, ya kewayo, ya buɗe musu wuta. Aka ce kuskure ne. Kaka bai taɓa yarda ba.

Wata shekara da kaka, dawa ta fara nuna, tsuntsayen jan baki suka sauka a fadamar da ke jikin gonarmu, wajen Dayi. In sun tashi sai rana ta dushe. Malamin gona ya zo daga Malumfashi, ya ce jirgi zai yi feshi, a kafa fararen tutoci inda tsuntsayen ke kwana.

"Malam, wa zai tuƙa shi?" in ji Kaka.

"Ƙwararre ne, Baba."

"Ka san gidansu?"

Mutane suka yi dariya. Mahaifina ya kafa tutocin, ya juya baya, Kaka ya bi ya tuge su ɗaya bayan ɗaya.

"Baba, abincin shekara ne fa!" in ji mahaifina.

"Ba zan nuna wa wanda ban sani ba inda jikokina suke."

Jirgin ya zo, ya yi shawagi, ya wuce wata fadamar. Cikin 'yan kwanaki zangarniyarmu ta koma ƙaiƙayi. Shekarar nan da dawar awo daga Funtua muka kai damina, mahaifina kuma ya daɗe ba ya haɗa ido da Kaka.

Da na girma na karanta abin da na samu a kan jiragen nan, fikafikansu da bindigoginsu. Ban ga inda aka faɗi abin da matuƙi ke gani ba in ya leƙo ƙasa.

Yanzu jiragen yaƙi kan bi ta kanmu zuwa daji, ba ka ganin kowa a ciki. 'Ya'yana kan fita da gudu suna ɗaga musu hannu. Na san dawarmu ta tafi a banza waccan shekarar. Duk da haka kiran su nake yi su shigo ɗaki.